Ranar da Alhaji Barau Ya Koma Filin Golf

Akwai wani dattijo a Dutse ana ce masa Alhaji Barau, tsohon shugaban makarantar sakandare ne da ya yi ritaya. In ka gan shi a masallaci ko wurin ɗaurin aure, da babbar riga da carbi, sai ka rantse bai san wani abu wai shi wasa ba. To bari Asabar ta zo. Sai ka ga mutum ya ɗaura wando da riga mai gajeren hannu, ya kifa hular hana-sallah, ya jawo jakar sanduna, sai filin golf.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, ga yadda yake. Ƙwallo ce 'yar mitsitsiya, ba ta kai ƙwan kaza ba. Da sanda ake bugunta daga nesa, a yi ta binta har ta faɗa wani ɗan rami mai tuta. Ramukan da yawa ne, ana binsu ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Babbar dokar ita ce, duk inda ƙwallonka ta faɗi, a nan za ka buga ta, ko da a gindin ƙaya ne.

Filin da suke zuwa kuwa ba na wasa ba ne. A bayan gari yake, cikin duwatsu da bishiyoyin dabino, ga kududdufi, ga ramukan yashi an haƙa an zuba ido. Baƙi kan zo daga Kano da cika baki, su koma gida jaka ba ƙwallo ko ɗaya.

Su huɗu ne abokan. Akwai Dokta Abdulhakim, malamin jami'a a Kafin Hausa, mutumin da ba ya barin komai ya wuce sai ya yi masa bayanin kimiyya. Akwai Ashafa mai sayar da taki a Jahun, shi ne ƙaraminsu. Sai kuma Rabi'u.

Rabi'u taubashin Barau ne, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifin Barau ce. Kun dai san tsakanin taubasai. Tun suna yara suke tsokanar juna, har furfura ta fito ba su fasa ba. Kowa cewa yake shi ne ubangidan ɗaya.

Da zarar Barau ya ɗaga sanda sai ka ji Rabi'u ya ce, "Jama'a, kowa ya koma gabansa! Can ne kaɗai ƙwallon ba ta zuwa."

Shi kuma Barau ya ce, "Kai da tumbi ya hana ka ganin ƙwallon, da labari kake bugu."

Haka za su yi ta yi har a gama, Dokta da Ashafa suna riƙe ciki don dariya.

Ana nan sai wata safiya hawan jini ya kayar da Alhaji Barau a tsakar gida, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Rabi'u ne ya sungume shi ya sa a mota ya kai shi asibiti. An sha jinya, an sha gashi da motsa jiki, cikin ikon Allah mutum ya miƙe. Ƙafar tana ɗan ja, hannun bai dawo da ƙarfinsa na da ba, amma yana tafiya da kansa, har likita ma cewa ya yi ya riƙa fita yana tattaki.

Jiki ya yi sauƙi, sai wani ciwon ya shigo. Sannu ta yi wa Alhaji Barau yawa.

In ya miƙe, sannu. In ya zauna, sannu. In ya yi tari kuwa sai gida ya rikice. Duk wannan ya jure. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne Rabi'u. Mutumin da ke shigowa gidan yana ihun "ina yaron nan yake?" yanzu sai ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya zauna a bakin tabarma, ya haɗa hannuwa.

"Ya jikin, Alhaji? Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji."

Alhaji! A bakin Rabi'u!

Wata rana Barau ya jefa masa tarko. Ya ce, "Kai Rabi'u, wannan hular taka a bola ka tsinto ta?"

Rabi'u ya taɓa hular, ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Haka ne, Alhaji, ta tsufa kam."

Wallahi da mari ya yi masa da ya fi sauƙi.

Da ya tafi, Barau ya kira matarsa. Ya ce, "Hajiya Kubura, kin ga yaron nan? Ya riga ya yi mini jana'iza a zuciyarsa, likkafani ne kawai bai kawo ba."

Ta ce, "Haba Alhaji, tausayinka yake ji."

"Tausayin ne zai ƙarasa ni. Asabar ɗin nan zan bi su filin. In na tarar har yanzu ni abokinsu ne, alhamdu lillahi. In kuwa can ma majinyaci ne ni, to na bar wasan, na bar zaman, in dawo ɗaki in jira lokacina."

Hajiya ta san mijinta, in ya faɗi magana ba ya janyewa. Ta ce, "Allah ya kai mu. Ka dai sha maganinka kafin ka fita."

Asabar ta zo da kyakkyawar safiya, irin ta ƙarshen damina. Ciyawa shar, duwatsu sun wanku, tsuntsaye sai hayaniya suke a kan dabino. Da Barau ya sauko daga mota ya shaƙi ƙamshin danyar ciyawa, sai ya ji kamar an sauke masa wani kaya daga ƙirji. Ya yi kewar wurin nan ba kaɗan ba.

Aka zo ramin farko. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sanda, ya ɗan dakata yana jiran bakin Rabi'u. Shiru. Ya kai bugu. Sandar ta shafi saman ƙwallon, ta gangara kaɗan ta tsaya a gabansu, tazarar da ko ɗan akuya zai tsallake.

"Masha Allah!" in ji su ukun a tare.

Ashafa har da tafi. Dokta ya gyara tabarau ya ce, "Wannan shi ne bugun hankali. Ƙwararru a hankali suke farawa."

Barau ya kalli Rabi'u. Rabi'u ya ce, "Ya yi kyau, Alhaji."

A rami na gaba hannu ya ɗan saku, ƙwallo ta tashi sama sosai, sai dai ta karkace ta faɗa tsakiyar duwatsu. Da idonsa ya gani. Nan take abokai suka ce, "Bari mu yi gaba mu duba maka," suka bar shi yana tahowa a hankali. Ko da ya iso, ga ƙwallo zaune a kan lallausar ciyawa, a tsakiyar hanya, kamar an shimfiɗa mata darduma.

Ashafa ya ce, "Dutse ta daka ta dawo, Alhaji."

Barau ya ce, "Oho. Dutsen nan yau yana da kirki."

Sai aka zo kududdufi. Wannan karon da kunnensa ya ji tsulum, ya ga ruwa ya yi zobe-zobe, har wani kwaɗo ya yi tsalle. Amma da ya zagayo sai ga ƙwallo a ɗaya gaɓar, a bushe ƙayau.

Dokta ya ce, "Ai abin kimiyya ne. In ƙwallo tana juyawa da sauri, sai ta yi ta tsalle a kan ruwa, kamar yadda yara ke jifa da tsingaro."

"To bushewar fa, Dokta?"

Dokta ya ɗan yi tari. "Iska ce."

Ba su tsaya nan ba. Su kansu sai suka lalata nasu wasan da gangan. Rabi'u, wanda in ya zo kusa da rami ba ya kuskure, yau sai ya tura ƙwallo ta wuce, ya dawo da ita ta sake wucewa, yana cewa, "Kai, yau ba ranata ba ce." Kafin a yi nisa, wai Alhaji Barau ne a kan gaba.

Jama'a, kada ku ce mugaye ne. Don ƙauna suke yi. Sai dai kowace ƙwallo da suka gyara masa, ji yake kamar an ƙara tura shi gefe. Ga shi a tsakiyarsu, kafaɗa da kafaɗa, amma bai taɓa jin kaɗaici irin na safiyar nan ba. Har ya fara tsara yadda zai yi musu sallama in an tashi.

Haka suka iso ramin da ya fi kowanne wuya a filin, wanda 'yan wasa ke kira Rufa-ido. Wani ƙaton dutse ne ya tokare gaba, ba ka ganin tuta daga inda kake tsaye. Sai dai ka ɗaga ƙwallo ta haye dutsen, ka bi ta da addu'a. A bayan dutsen kuma ga ramin yashi, ga kurmin ciyawa hagu da dama.

Su ukun suka buga nasu. Rabi'u ya ce, "Alhaji, bari mu zagaya mu tsaya maka, kada ta ɓace. Ashafa, ka bi hagu. Dokta, dama. Ni zan tsaya wajen tuta."

Suka ɓace a bayan dutse, suka bar shi shi kaɗai.

A nan ne tsohon halin Barau na makaranta ya motsa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana kama ɗalibai masu satar amsa, shi za a yi wa wannan? Ya sunkuya ya ɗauke ƙwallonsa ya jefa a aljihu. Ya duba ƙasa ya ga wani busasshen ƙodagon goruba. Ya ajiye shi, ya kai masa sanda, ƙwas! Ƙodago ya yi cikin ciyawa can gefe. Duk wanda ke bayan dutse ya ji ƙarar, zai rantse ƙwallo aka buga.

Ya jawo jakarsa, ya zagaya a hankali, fuska ba yabo ba fallasa. Da ya fito fili sai ya ɗaga murya.

"To, ina ta faɗi?"

"Ga ta nan, Alhaji!" in ji Ashafa daga hagu.

"Ga ta nan!" in ji Dokta daga dama.

"Ga ta dab da rami!" in ji Rabi'u daga gindin tuta.

Duk a lokaci ɗaya.

Abin da ya faru shi ne, kowannensu ya ji ƙarar bugu bai ga ƙwallo ba, ya ɗauka ta ɓace a ɓangarensa, sai ya zaro ɗaya daga aljihu ya ajiye. Ciyawa da duwatsu sun hana su ganin juna. Yanzu ga su tsaye cirko-cirko, kowa da yatsa yana nuna tasa.

Barau ya dafa sanda ya ce, "Ikon Allah! Ƙwallo ɗaya na zo da ita, ga shi ta haifi 'yan uku. Dokta, taimaka mana da bayani."

Dokta ya cire tabarau ya shiga gogewa. Ashafa ya sa ƙafa yana ƙoƙarin tura tasa cikin ciyawa.

Barau ya zura hannu a aljihu ya ɗago tasa sama. "Uwar tasu kuwa ga ta nan. Ko'ina ba ta je ba."

Suka tako suka zo gabansa kamar ɗaliban da aka kama a bayan aji.

Barau ya ce, "Ashafa, Dokta, na gode. Na san don Allah kuka yi. Amma ni ba cin wasa na zo yi ba. Da kofi nake so, da na aika kasuwa an sayo mini. Wurin abokaina na zo, kuma tun safe nake nemansu ban gan su ba."

Ya juya ga taubashinsa.

"Kai kuma Rabi'u, me na yi maka? Tun da na kwanta ka daina zagina. Kullum Alhaji, Alhaji. Wa ya ce maka na mutu?"

Rabi'u ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ni na ɗauke ka ranar nan. Ina tuƙi ina kiran sunanka ba ka amsawa. A hanyar nan na ɗaukar wa kaina alkawari, in Allah ya tashi kafaɗunka, bakina ba zai ƙara ɓata maka rai ba."

Barau ya ce, "To ai tun muna yara bakinka bai taɓa ɓata mini rai ba sai da ka rufe shi."

Ya nuna ƙwallayen nan uku da sandarsa.

"Ku kwashe 'ya'yanku," in ji Barau. "Mu koma baya. Zan buga tawa, kuma duk inda ta faɗi a bar mini abata."

Suka koma gaban dutse gaba ɗaya. Barau ya ajiye ƙwallo, ya yi bismillah, ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya sake mata sanda.

Bugun ya yi ƙarfi kam, sai dai bai tashi ba. Ƙwallo ta tafi ɗoɗar ta daki ƙirjin dutse, tau! Ta dawo da gudu ta wuce ta saman kansa. Ya yi wuf ya duƙa, hula ta yi nata wuri, ƙwallo ta gangara can bayansu ta tsaya a gindin wani dabino, nesa da inda aka faro.

"Innalillahi!" in ji Rabi'u, ya zabura zai riƙe shi.

Barau ya ɗaga masa hannu. Ya miƙe da kansa, ƙalau, sai dai sanƙo yana sheƙi a rana. Ya tsaya yana kallon Rabi'u ido cikin ido, yana jira.

Ashafa ya cusa wuyan rigarsa a baki. Dokta ya juya yana nazarin sama. Shi kuwa Rabi'u, leɓensa ya fara rawa, kafaɗu suka ɗauka, tumbi ya shiga girgiza. Ya yi ƙoƙari, wallahi ya yi ƙoƙari. Can sai abin ya ƙwace masa, ya fashe da wata irin dariya har da durƙusawa yana dukan ƙasa.

"Wayyo cikina! Jama'a ku shaida! Yau na ga mutumin da ya aika ƙwallo gabas ta tafi yamma! Kai Barau, ko ƙwallon ma ta gaji da kai, gida take son komawa!"

Barau ya ji sunansa, haka tsurarsa ba ado, ya ji wani sanyi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Amma ya ɗaure fuska ya ce, "Yi mini shiru, mara kunya. Ɗauko wa ubangidanka hularsa."

"Ubangidan wa? Rufe sanƙon nan dai kafin ka kashe mana ido!"

Shi ke nan, an ɓalle. Ashafa ya saki wuyan riga ya kwanta a ciyawa. Dokta yana dariya yana cewa, "Wannan kam kimiyya ba ta da bayaninsa."

Daga gindin dabino Barau ya sake bugu, da ƙyar ƙwallo ta haye dutsen, ta sauka tsakiyar ramin yashi. Ya shiga ya kai sanda, yashi ya tashi, ƙwallo tana nan. Ya sake, yashi ya tashi, ƙwallo ko gezau.

Rabi'u ya tsaya a bakin ramin ya riƙe ƙugu. "Bawan Allah, damina ta wuce, yanzu kake huɗa? Ashafa, kawo masa taki, gona ta samu."

"Kai dai matsa, inuwar tumbinka ce ta rufe mini ƙwallon!"

Kowane bugu Rabi'u sai ya ƙirga shi da ƙarfi, har wanda sanda ta wuce a iska ba ta taɓa komai ba. Bai yafe ko ɗaya ba. Nasa wasan kuma ya dawo da shi yadda yake, ya tura ƙwallonsa cikin rami tun daga nesa, ya yi 'yar rawa a gaban Barau don neman magana.

A ƙarshe dai ƙwallon Barau ta lallaɓa, ta zagaya bakin rami kamar mai shawara, ta faɗa. Ya tsaya yana haki, gumi ya jiƙa riga, yashi har cikin kunne. Ba wanda ya ce masa sannu.

Ya dubi Rabi'u ta gefen ido, ya sassauta murya, ya yi masa gwaji na ƙarshe.

"A dai yi mini uzuri. Kun san hannun nan tun da na yi ciwo..."

Rabi'u ya katse shi. "Wane hannu? Kai Barau, ka ji tsoron Allah, kada ka ɗora wa ciwo laifi. Da ma can ba ka iya ba!"

Alhaji Barau ya buɗe baki zai rama. Dariya ta zo masa tare da hawaye, ya rasa wanne zai tare, sai ya bar su duka suka zubo. Tun ranar da ya faɗi, an yi masa addu'o'i, an yi masa kalamai masu daɗi ba iyaka, amma ba maganar da ta shiga ransa kamar wannan.

Ya share fuska da bayan hannu ya ce, "Mu je rami na gaba. Yau sai na koya maka hankali."

Bai koya masa komai ba. Shi ya zo na ƙarshe a ranar, da tazara mai nisa, kuma duk filin ba wanda ya kai shi farin ciki.

Darasi: Tausayi abu ne mai kyau, amma in ya yi yawa yakan mayar da mai rai kamar wanda aka gama da shi. Wanda ya tashi daga ciwo ko wata jarrabawa ba sannu kaɗai yake buƙata ba, yana so a mayar masa da matsayinsa a cikin mutane. Ku taimake shi inda ya gaza, amma kada ku yi masa ƙarya don ku faranta masa, kada kuma ku janye wasa da dariyar da kuka saba yi da shi. In kuna da wani irin Alhaji Barau a gida ko a unguwa, ku je ku zauna da shi yadda kuka saba tun da. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, musamman taubasanku, wataƙila akwai wanda ya daɗe yana jiran a tsokane shi.